BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, a wannan mako za mu taɓo wata magana wadda manya ba su cika son a tono ba, domin ba ta da kiɗa, ba ta da bikin yanke ƙyalle, ba a kuwa ɗaukar hoton kowa saboda ita. Watau maganar tsara aiki a sito da masana'anta yadda kaya za su isa hannun mai su a ranar da aka yi alkawari. Wani zai ce wannan ai aikin akawu ne, ina ruwan mai awon gero da shi? To, da ruwansa ƙwarai. Duk buhun takin da ya iso bayan gero ya fid da kai, da duk motar riɗin da ta kwana bakwai a bakin sito tana jiran lebura, da duk kayan kantin da aka ce za su zo kafin salla suka zo bayanta, akwai wanda ya biya kuɗin wannan jinkiri, ba kuwa wanda ya jawo shi ne ya biya ba.

In an tambayi ma'aikata sai su ce, "An samu jinkiri." Sai ka ce jinkiri wani baƙo ne da ya sauka da dare ba sallama. Mu abin da mu ke cewa shi ne, jinkiri aikin mutum ne. Wani ne ya ƙi ƙirga kwanaki, wani ya ƙi sa hannu a takarda da wuri, wani ya tura mota goma ƙofar da mota biyu kurum ta ke ɗauka. Tun da aikin mutum ne, mutum yana iya gyara shi, talaka kuwa yana da ikon ya tambaya.

DALAR GYAƊA DA ABIN DA KE ƘARƘASHINTA

Bari mu fara da abin da kowa ke alfahari da shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. Turawa sun yi zaton auduga za su kwasa, manoma kuwa suka dubi inda kuɗi ya ke, suka zaɓi gyaɗa. Tun kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashe ta a kan kari. Daga baya attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, suka shahara da jera buhuna su zama dala, dala ɗaya tana cin buhu kamar 15,000. Ba Kano kaɗai ba, har Malam Madori da ke kan hanyar jirgi ta Nguru an yi dala. Ƙasar Kazaure ba ta samu hanyar jirgi ba, saboda haka gyaɗar kakanninmu a bayan jakuna da raƙuma ta riƙa tafiya, daga baya a manyan motoci, wajen mil 50 zuwa Kano, sa'an nan ta jira tarago ya kai ta Ikko, watau Legas, tafiyar mil 700.

To, me ya sa aka yi dala? Ba don ado ba. Gyaɗa cikin 'yan watannin kaka ta ke shigowa gaba ɗaya, jirgi kuwa kaɗan-kaɗan ya ke ɗauka duk tsawon shekara. Tilas a tara ta wuri guda a rufe da tamfol tana jiran layinta. Har nan ba laifi, domin iskar Kano busasshiya ce da rani, gyaɗa tana jurewa. Inda laifin ya ke shi ne sa'ad da gyaɗar bara ta zauna har ta bana ta same ta. Haka kuwa aka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yaƙi ya gajiyar da kawunan jirgi da taragu, ba a samu sababbi da wuri ba, sai ga dalar gyaɗa tana kwana tana tashi a Kano cikin shekarun 1947 zuwa 1949, damina tana dukanta, ƙwari suna ci, har magana ta kai Majalisar Ingila.

Ku ji abin mamaki. A daidai wannan lokaci mutanen Ingila suna cikin ƙarancin man girki, sai gwamnatinsu ta tafi Tanganyika cikin 1947 ta buɗe wata babbar gonar gyaɗa da manyan injuna. Aka narkar da fiye da fam miliyan 36, aka watsar da aikin cikin 1951 ba a samu abin kirki ba. Alhali kuwa ga gyaɗa nan an riga an nome, an ɓare, an auna, an ɗinke baki, tana zaune a Kano ba abin da ta ke nema sai tarago. Ashe masu mulki sun fi son sabon aiki mai suna bisa ga gyaran hanyar da kaya ke bi. Ku riƙe wannan, domin halin bai mutu ba.

Wa ya biya? An kafa Hukumar Sayen Gyaɗa cikin 1949, ta koma hannun Jihar Arewa cikin 1954. Ita ke yanka kuɗin tan a farkon kaka, kamfanoni da attajirai masu lasin su saya mata ta hannun 'yan kamasho. Kuɗin da ta ke yankawa yana ƙasa da na kasuwar duniya, domin sai ta cire na jirgi da na ajiya da na tamfol da na feshi, ta kuma ajiye rara. Watau kowane wata da dala ta ƙara a tsaye, da kowane buhu da ƙwaro ya mai da gari, a bakin sikeli aka cire shi daga hannun manomin Roni da na Gwiwa, shi kuwa bai taɓa ganin littafin ba. Daga baya fari na 1972 zuwa 1974 da kuturtar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona cikin 1986. Dala ta tafi, amma darasinta yana nan ga mai son ya koya.

TAKI YANA DA RANARSA

Yanzu mu zo ga abin da ya fi damun kowane gida a wannan yanki. Daminarmu gajeruwa ce. Ruwa ya kan zauna wajen watan Yuni, kafin Oktoba ya ɗauke. Takin farko ana son ya shiga ƙasa lokacin shuka ko 'yan kwanaki bayan tsiro, na biyu kuwa bayan 'yan makonni, sa'ad da amfani ke miƙewa. Gero ba ya jiran takardar ofis. Takin da ya iso a ƙarshen Agusta, ko da rabin kuɗi aka sayar, ihu ne bayan hari. Manomi ya riga ya sayi na kasuwa da tsada, ko kuwa ya haƙura ya yi noma haka nan. Sai na gwamnati ya faɗa hannun masu ɓoyewa su jira rani ko baɗi.

Ku dubi yadda buhu ɗaya na takin NPK ke haɗuwa, sa'an nan ku gane inda gizo ke saƙa. Cikin Disamba 2016 Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar Maroko, aka kafa shirin taki na shugaban ƙasa, aka ba Gwamnan Jigawa na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, mutumin Babura, shugabancin kwamitinsa. Aka sa kuɗin buhu naira 5,500. Dabarar ita ce a daina sayen taki haɗaɗɗe daga waje, a riƙa haɗa shi a masana'antun gida. Amma kayan haɗin guda huɗu ne, kowanne da inda ya ke fitowa. Sinadarin fosfet daga Maroko ta jirgin ruwa. Sinadarin fotash daga Turai, shi ma ta ruwa. Yuriya daga masana'antun wajen Fatakwal. Garin farin dutse daga cikin ƙasa. Ga kuma buhu da zare da man inji da leburori. In uku sun iso ɗaya bai iso ba, inji tsayawa zai yi, ma'aikata su zauna suna kallon juna.

An kuwa ga haka a fili cikin 2022. Da yaƙin Rasha da Yukuren ya ɓarke, fotash ɗin da a ke tsammani daga Rasha ya ƙi zuwa, sai da Nijeriya ta ruga Kanada ta sayo na gaggawa. Cikin Maris 2022 aka buɗe masana'antar yuriya ta Ɗangote a Lekki, mai iya yin tan miliyan 3 a shekara. Amma yawan yuriya ba ya maye gurbin fotash, kamar yadda yawan gero ba ya maye gurbin gishiri a miya. Wanda ke tsara aiki, abin da ya fi wuyar samu da wanda ya fi nisa shi ya kan fara nema, ba wanda ke kusa da hannu ba.

A ƘIRGA DAGA BAYA

Ga asirin aikin duka, ba kuwa wani boko mai zurfi ba ne. Uwar amarya ta san shi. In an sa ranar biki, ba ta farawa da tambayar yau me zan yi. Daga ranar ta ke ƙirgowa baya: gado sai an ba kafinta wata biyu, ɗinki wata ɗaya, surfe da niƙa mako guda, tuya kwana biyu. Haka ya kamata mai sito da mai masana'anta da ma'aikacin gona su yi.

Mu yi misali da alƙalami. Mu ce wata ƙaramar hukuma tana bukatar buhu 12,000. Tirela ɗaya buhu 600 ta ke ɗauka, watau tan 30. Ke nan tirela 20. In leburorin sito tirela biyu su ke iya saukewa a yini, sauke kaya kurum zai ci kwana 10. In rabawa zuwa ƙauyuka da karɓar kuɗi da rubuta rasit za su ci mako biyu, mu kuwa muna son buhu ya kwana a ɗakin manomi ran 1 ga Yuni, to, lalle tirelar farko ta tsaya a bakin sito cikin makon farko na Mayu. In haka ne, masana'anta sai ta haɗa wannan kaso cikin Afrilu. In za ta haɗa cikin Afrilu, kayan haɗi sai sun baro bakin teku cikin Maris. In za su baro cikin Maris, jirgin ruwa sai ya taso tun Fabrairu, kuɗi kuwa da takardar oda sai sun fita tun Disamba ko Janairu. Ashe wanda ya zauna taron sayen taki cikin Mayu ya riga ya makara da wata biyar, kome yawan jawabin da zai yi ranar buɗe sayarwa.

Akwai abu na biyu. Kowane aiki yana da ƙunci a wuri ɗaya, kamar wuyan tulu. Ruwa ba ya fita da girman cikin tulu, da faɗin wuyansa ya ke fita. A zamanin dala, tarago ne wuyan. A misalinmu na sama, ƙofar sito da yawan leburori ne. In ka ƙaro tirela 20 rana ɗaya ba ka ƙaro hannu ba, ba ka rage ko yini ɗaya ba, sai dai ka tara direbobi 18 suna kwana a ƙarƙashin mota, masu motoci suna rubuta kuɗin jira, wanda zai hau kan buhu. Mai hankali wuyan ya ke nema ya faɗaɗa. Ya ƙara ƙofa, ko ya ƙara leburori, ko ya raba motoci zuwa sito biyu, ko ya gaya wa kowane direba ranarsa.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da tashar jiragen ruwa ta Apapa ta koya da wahala. Shekara da shekaru manyan motoci suna toshe hanya, direba ya yi makonni a layi, kuɗin ɗauko kwantena zuwa Kano yana hawa. Cikin Fabrairu 2021 aka fito da tsarin kira da a ke ce wa Eto, watau mota ba ta tasowa sai an ba ta izini da lokaci. Dabarar da a ka nema wa Apapa ita ce dabarar da ƙofar kowane sito ke bukata, ko da allo da alli za a yi ta.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA DAGA WAJE DA WANDA ZA MU BARI

A ƙasar Japan, kamfanin motoci na Toyota ya shahara tun shekarun 1950 da wata dabara wadda wani injiniyansa, Taiichi Ohno, ya raina. Kowane akwatin kayan haɗi yana da kati. In an ƙarar da akwati sai katin ya koma baya ya gaya wa mai ƙerawa ya kawo wani. Ba a ƙera abin da ba a nema ba, ba a kuma cika sito da kayan da za su yi ƙura. Masu karatu da yawa sun ɗauki wannan kamar shi ne magani ga kowace cuta.

Mu kuwa sai mu auna. Dabarar rashin ajiya tana tafiya ne inda hanya ke da kyau, wuta ba ta ɗaukewa, alkawari kuma ba ya tashi. Ko can ɗin ma ta sha duka. Girgizar ƙasa ta 2011 a Japan ta tsai da masana'antu don rashin kayan haɗi, har Toyota kansa ya koma yana tanadin waɗansu kaya masu wuyar samu. Cikin Maris 2021 jirgin ruwa ɗaya ya gitta a mashigin Suwez na Masar kwana 6, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko. Mu nan mutanen Babura sun san yadda iyaka ke rufuwa rana tsaka. An rufe ta cikin Agusta 2019 sai Disamba 2020 aka buɗe, aka sake rufe ta Nijar cikin 2023 sai 2024. Masu masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa kuwa sun san cewa wanda ya yi alkawarin kai kaya bai sa ranakun rashin wuta a lissafi ba, ya yi wa kansa ƙarya.

Saboda haka abin da za mu ɗauka shi ne katin, watau labari ya riƙa komawa baya da sauri daga mai saye zuwa sito, daga sito zuwa masana'anta. Yau kowane ɗan kasuwa yana da waya a aljihu, ba wanda ke da hujjar cewa bai san kaya sun kusa ƙarewa ba. Abin da za mu bari shi ne zama ba ajiya. Kayan da ke da lokaci ɗaya a shekara, irin su taki da iri da maganin feshi, da wuri a ke tara su kusa da mai bukata.

SITO BA KABARI BA NE

Amma tarawa da wuri tana da sharaɗi. Sito wurin wucewa ne, kaya su shiga su fita bisa layi, wanda ya fara shiga shi ya fara fita. Sau nawa mu ke ganin an jibge sabon kaya a bakin ƙofa, tsoho yana can ƙurya har taki ya dunƙule ya zama dutse, hatsi ya yi gunda, siminti ya sha danshi? Ba katako a ƙasa, ba tazara da bango, ba hanya a tsakiya, ba kati a jikin jeri mai nuna ranar shigowa. In an zo ƙirga sai a ce ɓera ne. Wane irin ɓera ne ke cin buhu da zarensa?

'Yan kasuwa, wannan sashe naku ne, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Wake da ya daɗe a ajiya ƙwaro ya kan shige shi, mai shi ya tsorata ya zuba masa maganin ƙwari irin na fiya-fiya. Cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan wannan magani da aka samu a cikinsa. Laifin waɗansu ya rufe wa kowa ƙofa, ban da cutar da mu ke ci da bakinmu. Alhali kuwa akwai buhu mai ciki uku da a ke ce wa PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka yaɗa a Afirka ta Yamma tun daga 2007, yana kashe ƙwaro da rashin iska ba tare da magani ba. Mai riɗi da mai zoɓo da ke kai kaya Dawanau su ma su sani, attajirin da ya saya ya riga ya kama wuri a jirgin ruwa mai ranar tashi. In ka ce Talata ka kai Asabar, ko ka kai da ƙasa da tsakuwa har sai an sake tankaɗewa, gobe wani zai kira, ko kuwa ya rage maka kuɗi don ya fanshe.

Kada kuma a manta da lebura. Inda ba tsari, shi ne jakin kowa. Ya zo tun asuba ya zauna har la'asar ba mota ba kwabo, sa'an nan motoci biyar su faɗo da magariba a ce sai an sauke kafin gari ya waye. A irin wannan gaggawa ne jeri ke rushewa a kan mutum, baya ya karye, buhu ya yage. Ma'aikacin masana'anta shi ma haka, mako guda a ce ya zauna gida ba albashi don kayan haɗi ba su zo ba, mako na gaba a tsare shi dare da rana don a cika alkawarin da wani ya yi a ofis bai shawarce shi ba. Aikin da aka shimfiɗa daidai shi ne ke ba lebura abincin kullum da lafiyar jiki.

JIRGI ZAI BI TA ƘOFARMU

Cikin Fabrairu 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, aka ba kamfanin Mota-Engil kwangila. Taswirar aikin ta bi da ita ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Cikin Janairu 2023 kuma aka buɗe tashar tudu ta Dala a Zawaciki ta Kano, inda a ke nufin a gama takardun kwastan ba sai an je bakin teku ba. Watau abin da kakanninmu suka rasa, suka bi jakuna mil 50 dominsa, an zana shi a ƙofar gidanmu.

To, mu tambaya tun yanzu. Ina siton da za a tara riɗi da gyaɗa da wake kusa da tasha? Ina hanyar da motar Gwiwa da ta Roni da ta 'Yankwashi da ta Babura za su bi da damina su iso? Wa zai ba ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu 40 wuri a tarago, ko kuwa sai mai buhu dubu? Ran nawa jirgin kaya zai riƙa tsayawa, wa zai buga wannan jadawali kowa ya gani? In ba a amsa waɗannan ba kafin jirgi ya fara ɗaukar kaya, zai wuce ne yana busa, yara suna ɗaga masa hannu, mu kuwa mu ci gaba da biyan kuɗin mota. Ga Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, 'ya'yanmu ne a ciki. Me zai hana a horar da su aikin sito da tsara jigila, su zama su ne malaman tasha, maimakon a kawo mana daga nesa?

ABIN DA MU KE NEMA

Na farko, kowace shekara kafin ƙarshen Janairu, hukumar da ke da alhakin taki ta buga jadawali da Hausa, a karanta a rediyo, a manna a ƙofar kowane sito da kowace kasuwa: buhu nawa, daga wace masana'anta, zuwa wane sito, ran nawa ga wata.

Na biyu, duk kwangilar kawo kaya ta zo da rana, da tarar da mai kwangila zai biya a kan kowane mako da ya ƙara. Haka nan in hukuma ce ta riƙe masa kuɗi har ya makara, a faɗa a fili, domin a san mai laifi.

Na uku, kowane siton gwamnati ya sa allo a waje mai nuna abin da ya shigo, da abin da ya fita, da abin da ya rage. Wakilan manoma da na 'yan kasuwa su sami ikon shiga su ƙirga sau ɗaya a wata.

Na huɗu, a riƙa ba direbobi rana da sa'a, a kuma biya lebura kuɗin jira in an kira shi mota ba ta zo ba.

Na biyar, ƙungiyoyin 'yan kasuwa na waɗannan garuruwa su haɗa kai su riƙa cika mota ɗaya tare a rana sananniya, da littafi da rasit, maimakon kowa ya jira shi kaɗai. Mutum 15 masu buhu 40 kowanne sun cika tirela, sun kuma sami bakin yin ciniki da mai mota, gobe da mai tarago.

Ba mu roƙi a gina sabon abu mai suna ba. Kalanda mu ke nema, da littafi na gaskiya, da mutumin da za a kira da sunansa in rana ta wuce. Saboda haka in wani babba ya zo garinku da alkawarin taki ko na sito ko na tasha, kada ku tsaya ga tafi. Ku tambaye shi buhu nawa, ku tambaye shi ran nawa ga wane wata, sa'an nan mai ilmi a cikinku ya rubuta a takarda a gabansa, a ajiye har ranar ta zo.